Dami Daban, Matsi Daban: Sharhi Kan Fayilolin Zip A Aikin Lissafi A Tasawa Da Mayahi

Malamin gona a Tasawa da ke son kwatanta daminar bana da ta shekaru goma baya, da ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ke rubutu kan itatuwan gawo a kwarin Gulbin Kaba, da mai haɗa alƙaluman wani bincike a ƙauyukan Mayahi, duk akwai mararrabar da ke haɗa su. Bayanan da suke nema kan iso musu cikin ƙunshi mai sunan da ya ƙare da .zip ko .gz ko .tar, in kuma sun gama aiki, cikin irin wannan ƙunshin ake son su tura shi Maraɗi ko Yamai. Abu ne na yau da kullum, amma ruɗanin da ke kansa yana da yawa. Wasu na ɗauka duk abin da aka zuba cikin zip sai ya ƙanƙance. Wasu sun mai da shi kwaɗon rufe sirri. Wasu kuma da zarar lamba ta fito a birkice sai su ce zip ne ya cinye ta. Uku ɗin nan duk kuskure ne, kuma asalin na farkon shi ne ana haɗa ayyuka biyu mabambanta a kira su da suna guda.

Kalmomin da ya kamata a fara daidaitawa

Fayil shi ne abin da ƴan boko a Nijar suka fi kira fishiye: rubutu ko hoto ko teburin lambobi da aka adana da suna. Folda, ko dosiye, ita ce jakar da ake zuba fayiloli a ciki. Ma'aunin girmansu shi ne bayit, wanda Faransanci ke kira okte, shi ya sa a wayoyin Nijar ake ganin Mo da Go a inda na Najeriya ke nuna MB da GB. Bayit ɗaya kan ɗauki harafi ɗaya na boko. Mega kusan bayit miliyan ne, jiga kuma mega dubu.

Ayyukan biyu su ne ɗauri da matsi. Ɗauri shi ne a tattara fayiloli da yawa su koma ƙunshi guda, kamar yadda manomi ke tara zangarniyar hatsi ya ɗaure dami. Dami bai rage ko tsaba ɗaya ba, nauyinsa na nan, amfaninsa shi ne a ɗauka a kai rumbu ba tare da an zubar a hanya ba. Matsi kuwa shi ne a sake rubuta bayanin da ke cikin fayil ta hanyar da ba ta cin wuri, yadda in an kwance zai dawo daidai da yadda yake. Tsarin tar, wanda ya fito tare da Unix a 1979, ɗauri kawai yake yi. Tsarin gzip, da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992, matsi kawai yake yi, kuma fayil ɗaya tak yake kamawa. Zip, wanda Ba'amurke Phil Katz ya fito da shi a 1989, shi ne ya haɗa biyun. Idan aka ga suna ya ƙare da .tar.gz, ma'anarsa an ɗaure sannan aka matse, don haka wajen buɗewa daga dama ake farawa: a kwance matsin, sannan a kwance ɗaurin.

Manhajar lissafi kuma ita ce inda mutum ke rubuta umarni kwamfuta ta yi masa aiki a kan tarin lambobi, maimakon ya riƙa latsa gida-gida kamar a Excel. Wadda ta fi suna ita ce MATLAB, da Cleve Moler ya fara a ƙarshen shekarun 1970, kamfanin MathWorks ya shiga sayar da ita daga 1984. Akwai na kyauta: Octave, wadda ke fahimtar galibin umarnin MATLAB, da Scilab mai asali daga Faransa, da R ta masu ƙididdiga, da Python.

Ta ina ragin yake fitowa?

A ɗauki littafin ma'aunin ruwan sama, irin wanda ake karanta sakamakonsa a rediyo da damina. Idan aka shigar da shi kwamfuta, kowace rana layi ɗaya ce: sunan gari, kwanan wata, milimita. Layin farko na shekara zai zama kamar haka: Tasawa;2019-01-01;0,0. Na biyu: Tasawa;2019-01-02;0,0. Haka za a yi ta tafiya har Janairu ya ƙare, Fabrairu ya bi, Maris ya bi, babu abin da ke sauyawa sai lamba ɗaya ko biyu a tsakiya. A ƙasar da ruwa ke sauka tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawan littafin sifiri ne ake ta maimaitawa, tare da sunan garin da kowa ya riga ya sani.

Magatakarda mai wayo ba zai yi ta sake rubuta Tasawa sau 365 ba, zai sa alamar "haka nan" a ƙarƙashi. Dabarar da Abraham Lempel da Jacob Ziv suka wallafa a 1977 ke nan a taƙaice. Duk lokacin da manhaja ta ci karo da jerin haruffan da ta riga ta gani, sai ta rubuta gajeren saƙo a madadinsu: koma baya kaza, kwafo haruffa kaza. Dabara ta biyu ta girmi wannan, David Huffman ya kawo ta a 1952: alamar da ta fi yawan fitowa a ba ta lamba mafi gajarta, wadda ba ta cika fitowa ba a ba ta doguwa. A rubutun Hausa harafin a ne zai sami mafi gajarta, a littafin ruwan sama kuwa sifiri ne. Katz ya haɗa dabarun biyu ya kira haɗin Deflate, kuma shi ne injin da ke cikin zip da gzip har yau. Idonsa ba ya hango nesa: bayit dubu 32 na baya kawai yake iya waiwaya don neman maimaici.

Daga nan amsar tambayar farko ta fito. Ragin ya dogara ne kacokan ga yawan maimaici. Teburin lambobi irin na ruwan sama, ko na farashin hatsi mako-mako, sau da yawa kan koma kashi ɗaya cikin biyar ko cikin goma na girmansa. Kuma ba abin da ya ɓace, domin wannan matsi ne marar asara: 12,5 ta shiga, 12,5 za ta fito.

Hotunan da suka ƙi raguwa

Mai aikin bincike ya dawo daga Kanembakashe da hotunan rijiyoyi ɗari biyu a waya, ya zuba su cikin zip, ya ga mega ɗari shida sun koma ɗari biyar da casa'in da wani abu. Manhajarsa lafiya lau take. Hoton JPEG, da murya ta MP3, da bidiyo, an riga an matse su tun a cikin wayar, kuma da wani irin matsi na daban, mai asara, wanda ke zubar da abin da ido ko kunne ba zai lura da rashinsa ba. Wannan ya fi kama da sussuka: an sami tsaba mai sauƙin ɗauka, amma ƙaiƙayi ya tafi, ba mai mayar da shi jikin zangarniya. Abin da ya rage bayan irin wannan matsin ba shi da sauran maimaicin da Deflate zai kama.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: fayil ɗin Word mai .docx da na Excel mai .xlsx su kansu zip ne. Wanda ya sauya wa ɗaya daga cikinsu suna ya koma .zip zai iya buɗe shi ya ga ƙananan fayiloli a ciki. Haka manhajojin wayar Android masu .apk. Matse su karo na biyu ɗan abu kaɗan yake ragewa. Hotunan tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai, da aka harba na farkonsa a 2015, suna zuwa cikin zip mai ɗaruruwan mega, wani lokaci ya doshi jiga guda, kuma in an kwance girman kusan ɗaya ne, domin hotunan ciki a matse suke tun asali. A nan zip dami ne kawai. Lissafi ma ya tabbatar babu wata dabarar matsi marar asara da za ta iya rage kowane irin fayil, don haka duk manhajar da ta yi alƙawarin mayar da jiga goma na bidiyo mega goma ba tare da asara ba, a yi hattara da ita.

Yadda abin yake a cikin manhajar lissafi

Umarnin ba su da wuya. A MATLAB da Octave sunayensu shida ne, biyu-biyu: zip da unzip, gzip da gunzip, tar da untar. Wanda ya rubuta unzip('ruwa.zip', 'damina') ya ce wa manhaja ta kwance ƙunshin ruwa.zip ta zuba abin ciki a folda mai suna damina, kuma tana iya dawo masa da jerin sunayen abin da ta kwance, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rubuta zip('rahoto.zip', '*.csv') ya tattara duk teburan da ke foldar. R na da nata unzip, kuma tana karanta teburin da aka matse da gzip kai tsaye ba sai an kwance ba. Haka ɗakin karatun pandas na Python, muddin fayil ɗaya ne a cikin ƙunshin. Wani abin tuntuɓe ga masu R a kan Windows shi ne umarnin zip yana jingina da wata ƙaramar manhaja ta waje, in babu ita a kwamfutar sai aikin ya ƙi, alhali unzip na tafiya.

To me ya sa mutum zai wahalar da kansa da rubuta umarni, alhali danna dama da linzami ma na buɗe zip? Misali ɗaya ya isa. Cibiyar nazarin haɗurran yanayi ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara tana fitar da ƙiyasin ruwan sama mai suna CHIRPS, wanda ke haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da ma'aunan ƙasa, kuma bayanansa sun fara daga 1981. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita biyar da rabi a kowane gefe, don haka gundumar Mayahi kaɗai ta ƙunshi gidaje masu yawa, ana iya bambanta abin da ya sauka a Isawan da na Gidan Amumun. Bayanan kowace rana fayil ɗaya ne mai ƙarewa da .tif.gz. Daga 1981 zuwa 2020 kwana 14,610 ke nan, wato fayil 14,610. Na Afirka, in an kwance, kowanne ya kusa mega goma, jimilla kimanin jiga 140. Ba mai zama ya danna su da hannu, kuma kwamfutar ofis ba lallai ta sami wurin ajiye su a kwance ba.

Mai manhajar lissafi yakan rubuta ɗan gajeren zagaye: ɗauko fayil na rana ɗaya, kwance shi, ciro gidajen da suka faɗa kan Tasawa da Mayahi, rubuta su a teburi, goge abin da aka kwance, wuce rana ta gaba. Layi goma sha wani abu. A ƙarshe jiga 140 sun bar masa teburi na ƴan mega, wanda zai shiga WhatsApp ba tare da ya cinye kuɗin data ba. Wannan shi ne ainihin amfanin, kuma akwai na biyu da ya fi shi: aikin ya zama abin maimaitawa. Idan an gano kuskure bayan wata uku, ko an sauya ma'aikaci, umarnin na nan a rubuce, ƙunshin asali na nan ba wanda ya taɓa shi. Inda aka kwance da hannu kuwa, ba a jimawa sai a tarar da folda uku masu kusan suna ɗaya, an gyara lamba a ɗaya an manta da sauran, ba wanda zai rantse wacce ce ta gaskiya.

Manhajojin suna kuma da nasu matsin na cikin gida. Tun MATLAB na 7 da ya fito a 2004, fayilolin .mat a matse ake adana su. Umarnin saveRDS na R ma haka yake yi ba sai an ce masa ba, kuma .npz na Python zip ne da aka sauya wa suna. Sa waɗanda aka riga aka matse cikin zip don a rage su aikin banza ne, sai dai don ɗauri. Gargaɗi ɗaya: unzip kan rubuta a kan duk fayil mai suna iri ɗaya da ya tarar a foldar, sau da yawa ba tare da tambaya ba. Wanda ya kwance tsohon ƙunshi a kan aikin da ya gyara jiya ya share gyaransa da hannunsa.

Inda abin yake lalacewa

Ƙorafin da aka fi ji shi ne saƙon da ke cewa ƙunshi ya lalace. Dalilinsa na cikin ginin zip. Jerin sunayen fayilolin ciki da wurin da kowanne yake, a ƙarshen ƙunshin ake rubuta shi, kamar littafin da aka sa fihirisarsa a shafin baya. Idan rezo, wato sadarwa, ya yanke ana kashi casa'in da biyar cikin ɗari na saukewa, shafin bayan ne bai iso ba, sai manhaja ta ce ba ta san wannan fayil ba, duk da cewa kusan komai na ciki. A yankin da sadarwa ke ƙarfi a cikin gari ta raunana da an fita ƙauye, wannan ba baƙon abu ba ne. Wutar lantarki ma na da hannu. Gabashin jihar Maraɗi ya daɗe yana dogaro da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta katse wutar a Agustan 2023, har zuwa farkon 2024. Kwamfutar tebur da ta mutu ana tsakiyar haɗa zip takan bar ƙunshi mai suna da girma, amma marar fihirisa.

Wani abin da zip ke da shi mai kyau shi ne kowane fayil na ciki yana tafe da lambar tantancewa da ake kira CRC. Wajen kwancewa manhaja takan sake lissafa lambar ta kwatanta. In ko bayit ɗaya ya sauya a hanya, za ta faɗa. Teburin da aka tura tsirara ba shi da wannan kariyar: zai buɗe, ya nuna rabin layukansa, ba wanda ya sani.

Sai sunaye. Zip na asali an gina shi ne kan haruffan kwamfutocin Amurka na wancan zamani, sai a 2006 aka ƙara masa alamar da ke nuna an rubuta suna da tsarin da ya san haruffan duniya. Tsofaffin manhajoji ba su kula da alamar ba. Sakamakon haka fayil mai suna Maraɗi, ko mai ƙ, ɓ, ƴ, ko mai wasalin Faransanci irin na ƙarshen Aguié, kan fito da wasu alamomi barkatai, sai umarnin da aka rubuta ya neme shi ya rasa. Abin ciki bai taɓu ba, sunan ne ya birkice. Ba daɗi a ce wa Bahaushe ya ajiye haruffansa masu ƙugiya, amma a sunan fayil kaɗai, maradi_2019 ya fi tsira. A cikin rubutun kansa a sa su yadda ya kamata.

Lambobin da ake zargin zip da cinyewa kuwa, laifin waƙafi ne. Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana rubuta sha biyu da rabi 12,5 ta raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo, ta Ingilishi tana rubuta 12.5 ta raba da waƙafi. Teburin da aka shirya a Tasawa aka buɗe da manhajar da ke jiran tsarin Ingilishi zai fito a cakuɗe ko da bai taɓa shiga zip ba. R ma ta tanadi umarni na musamman saboda haka, read.csv2.

Akwai kuma inda rashin zip ne matsalar. Taswirar iyakokin gundumomi da ƙananan hukumomi, irin wadda ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya ke rabawa ta dandalinsa na HDX, ba fayil ɗaya ba ce. Siffar iyakar na cikin .shp, sunayen wurare na cikin .dbf, mahaɗinsu .shx ne, tsarin auna ƙasa kuma .prj. Wanda ya tura .shp shi kaɗai ya tura taswirar da ba za ta buɗe ba, ko ta buɗe ba a san ina ne Korgom ina ne Maijirgi ba. Kuma danna fayil sau biyu daga cikin zip ba kwancewa ba ne, leƙe ne: Windows kan ciro shi kaɗai zuwa wani wurin wucin gadi, ya baro ƴan'uwansa.

Saɓanin ra'ayi

Masu RAR, na Eugene Roshal tun 1993, da masu 7-Zip, na Igor Pavlov tun 1999, suna cewa nasu ya fi matsewa, kuma gaskiyarsu ne, musamman in fayilolin ƙanana ne masu kama da juna. Dalili shi ne zip yana matse kowane fayil shi kaɗai, su kuwa suna iya haɗa su gaba ɗaya su ci ribar maimaicin da ke tsakaninsu. Haka .tar.gz yake. Sai dai ribar na da farashi: in wani wuri ya lalace a tsakiya, abin da ke bayansa kan tafi duka, kuma ciro fayil ɗaya na iya buƙatar a bi ta kan na gabansa. A zip lalacewar fayil ɗaya ba ta shafar maƙwabcinsa. Ga kuma batun wanda zai karɓa: kowace kwamfuta da kusan kowace waya na buɗe zip, kuma manhajojin lissafi sun san shi tun daga gida, alhali MATLAB ba shi da umarnin kansa na buɗe RAR. A ganina, ga ofishin da bai san irin na'urar da ke ɗaya gefen ba, ragin kashi goma ko ashirin bai kai a sayi wannan wahalar ba. Inda RAR da 7-Zip suka yi fice da gaske shi ne yanka babban ƙunshi gunduwa-gunduwa, ta yadda in rezo ya yanke gunduwa ɗaya za a sake. Wannan na taimakawa da iyakar mega 25 ta Gmail, da kuma makullan USB masu tsohon tsarin FAT32 da ba su karɓar fayil da ya wuce jiga huɗu.

Wani ɓangaren na ganin duk wannan tsohon yayi ne. Dandali irin Google Earth Engine yana riƙe da CHIRPS da hotunan taurarin Sentinel da Landsat a can wurinsa, mutum ya aika umarni, a yi lissafin a can, a dawo masa da ɗan teburi. Ga wanda ke da sadarwa mai ɗorewa wannan hanya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Masu ja da su na cewa ranar da ba rezo ba aiki, kuma bayanan da aka tattara daga gidajen mutane ba a can suke ba, a hannu suke. Kowanne na da hujja, kuma a aikace mafi yawan masu bincike biyun suke haɗawa.

Muhawarar MATLAB da takwarorinsa na kyauta ta shafi wannan batu ta wata ƙofa. Lasisinsa na da tsada, shi ya sa kwafin sata ke yawo, galibi cikin ƙunshi mai kalmar sirri. Ana sa kalmar ne don manhajar kariya ta kasa leƙa ciki. Ga aikin da aka bayyana a sama, Octave ko R ko Python sun wadatar.

Kalmar sirri da tarkuna

Kalmar sirri ta zip na asali mai rauni ce, tun 1994 masana biyu, Eli Biham da Paul Kocher, suka nuna yadda ake karya ta. An ƙaro tsari mai ƙarfi da ake kira AES daga baya, amma sai an zaɓe shi, kuma ba kowace manhaja ke buɗe shi ba. Ko da shi ma, sunayen fayilolin da ke cikin zip a fili suke. Ƙunshin da ke ɗauke da fayiloli masu sunayen marasa lafiya ko na masu karɓar tallafi ya riga ya tona asiri kafin a tambayi kalma. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, don haka batun ya wuce na ladabi kawai. Tura ƙunshi da kalmarsa cikin saƙo ɗaya kuwa daidai yake da barin makulli a jikin kwaɗo.

Akwai ƙunshin da aka haɗa don cuta. Wani sananne mai suna 42.zip girmansa kilobayit 42 ne, amma in aka bi shi aka kwance duka zai kai jiga miliyan huɗu da rabi. A 2018 kamfanin tsaro na Snyk ya bayyana wata ɓaraka da ya kira Zip Slip, inda ake rubuta sunan fayil ta yadda wajen kwancewa zai tsallake foldar da aka ba shi ya je ya danne wani muhimmin fayil a wani wuri. Umarnin da ke kwance duk abin da ya samu ba tare da ido a kai ba shi ya fi faɗawa irin wannan tarko, don haka ƙunshin da ba a san asalinsa ba a fara duba jerin abin da ke ciki da girmansa.

Abin da ke tafe

Sadarwa za ta ƙaru, amma bayanai sun fi ta saurin girma. Tun da Amurka ta buɗe taskar hotunan Landsat kyauta a 2008, duk mai son ganin yadda gawo da sauran itatuwa suka dawo gonakin Maraɗi bayan farin shekarun 1980 yana iya dubawa da kansa, in ya iya sarrafa ƙunshin tar da suke zuwa a ciki. Sababbin dabaru irin Zstandard, da Facebook ya fitar a 2016, sun fi Deflate sauri, amma zip ya haura shekara talatin kuma ƙunshin da aka haɗa a farkon zamaninsa har yau yana buɗuwa. Ga ma'aikatar da ke son jikokin ma'aikatanta su karanta littafin ruwan bana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai zip ba ajiya ba ce: ƙunshi ɗaya a kan kwamfuta ɗaya, ranar da zafi da ƙura suka kashe na'urar ya tafi tare da ita.

Kira ga shugabannin ma'aikatun gona, kiwo, lafiya da ruwa na Tasawa da Mayahi, da malaman da ke duba ayyukan ɗalibai a Maraɗi: duk ƙunshin da zai fita daga hannunku a sa masa ɗan rubutu a ciki da ke faɗin abin da ya ƙunsa, wa ya haɗa shi da ranar, a haɗa da umarnin da aka yi lissafin da su. A kwance shi a wata kwamfutar a tabbatar yana buɗewa tun kafin ranar turawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a ajiye kwafi na biyu a wani ginin daban.